A gwada uwar garken ko-ta-kwana tun kafin ranar buƙata

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu kamfanoni da shugabannin ma'aikatu kan tanadin uwar garken ko-ta-kwana, wato kwamfutar da ke jiran ta karɓi aiki idan babbar da ke ɗauke da manhajar albashi ko ta ciniki ko ta lissafin kaya ta tsaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu ke sayen na'ura ta biyu su ajiye ta gefen ta farko, ɗaki ɗaya, layin wuta ɗaya, sannan su ɗauka sun gama tanadi. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin adana bayanai na kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu abokan cinikinsa sun rasa bayanansu ɗungurungum saboda kwafin ajiyarsu ma a wurin yake. Shi kuwa kamfanin jiragen ruwa na Maersk, lokacin da muguwar manhajar NotPetya ta afka masa a 2017, abin da ya cece shi wata uwar garke ce a ofishinsa na Ghana, wadda ɗaukewar wuta ta raba da sauran kafin cutar ta iso gare ta. Sa'a ce kawai ya taka, kuma babu mai hankalin da zai jingina kasuwancinsa da irin wannan sa'a. Shi ya sa masana suka daɗe suna cewa a mallaki kwafi uku na bayanai, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa.

Akwai kuma ruɗanin da ake yi tsakanin uwar garken da ke kwafar babbar a kowane lokaci da kwafin ajiya na jiya ko shekaranjiya. Ta farkon tana kwafar komai, har da kuskure, domin idan ma'aikaci ya goge bayanai a babbar, ko ɓarayin intanet suka kulle su suna neman fansa, nan take ita ma za ta bi sahu. Dole ne a haɗa duka biyun.

Sai batun gwaji, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan lamarin, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, mai dandalin da masu haɗa manhaja ke ajiye ayyukansu a intanet, ya goge babban rumbun bayanansu bisa kuskure, sai a daren suka gano cewa daga cikin hanyoyin ajiya biyar da suke taƙama da su babu wadda ke aiki yadda ya kamata. Da kyar suka samu wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan, abin da aka shigar a tsakanin kuwa ya salwanta. Waɗannan ƙwararru ne fa, sana'arsu ke nan.

Saboda haka ina ba kowane shugaba shawarar ya zauna da ma'aikatan sashen kwamfuta ya amsa tambayoyi biyu da kansa: awa nawa kamfanin zai iya jurewa ba tare da manhajar ba, kuma aikin minti nawa zai iya yarda ya ɓace? Amsoshin ne za su nuna irin tanadin da ya dace da kuma kuɗin da za a kashe. Bayan nan a tsayar da rana, a kashe babbar da gangan a lokacin da aiki ya yi sauƙi, a duba agogo a ga tsawon lokacin da ta ko-ta-kwana za ta ɗauka kafin ta karɓi aiki, a kuma rubuta matakan a takarda, domin mai yiwuwa wanda ya haɗa tsarin yana hutu ranar da za a neme shi.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani ma'aikacin sashen kwamfuta