Takardar Koke Kan Kyamarorin Da Suke Leƙa Mana Gidaje

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara lafiya da yawan rai. Bayan gaisuwar ladabi da biyayya, mu talakawanka, magidanta da matan wannan unguwa, mun rasa inda za mu kai kuka sai gaban uba.

Ranka ya daɗe, ranar Asabar ɗin nan aka wayi gari da wani bidiyo yana yawo a WhatsApp: matar aure ce a tsakar gidanta, da ɗaurin ƙirji, tana wanki a bakin rijiya. Ba wanda ya haura katanga. Kyamarar da aka maƙala a falwayar bakin layi ce ta ɗauka, mai juya kai da kanta ɗin nan, mai zuƙo abin da ke nesa. Mijinta, wanda shekara ashirin baƙo bai taɓa wuce masa soro ba, yau ko masallaci kunyar fita yake.

Da za a kafa su, ce mana aka yi don masu ƙwacen waya ne, muka ba da kuɗi gida-gida ba musu. Ba wanda ya faɗa mana cewa na'urar tana haddace fuskoki da lambobin babura tana tura wa wani kamfani ta intanet. Watan jiya ta nuna wani yaron tela a matsayin ɓarawo, 'yan sintiri suka yi masa lilis, daga baya aka ce wai kama ce. Mun je wajen kwamiti, mun tura dattawa, an zauna a ƙofar masallaci ba sau ɗaya ba, kullum "za a duba".

Ba za mu koya wa malami karatu ba, amma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Kyamarorin Abuja na dala miliyan 470 da aka ba da kwangilarsu a 2010, galibinsu ba su yi aiki ba. Mu namu aikin ne ya yi yawa, Allah ya ba ka nasara.

Muna roƙo a sauke duk kyamarar da ke hango tsakar gida, yau ba gobe ba. A faɗa mana wa ke riƙe da hotunan, su wa ke kallo, har yaushe ake ajiye su. A fito da wanda ya yaɗa bidiyon, a biya kuɗin maganin yaron nan, a daina dukan mutum don na'ura ta nuna shi. Waccan ta bakin layi kuwa, don Allah a fara da ita, domin samarinmu sun fara maganar tsani, mu ne muke ba su haƙuri.

Allah ya ja kwana.

Talakawanka masu biyayya,
Magidanta da matan unguwa.