Barka da Sallah daga Faransa

Zuwa ga Baba da Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina yi muku barka da Babbar Sallah, Allah ya karɓi layyarku, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Ina fata ruwa ya sauka a Damagaram har an samu yin shuka. Ni lafiyata lau a nan Balans. Mun yi idi da safe tare da ƴan'uwa Musulmi, amma da na fito na tarar kowa yana harkar gabansa kamar kowace rana, sai zuciyata ta koma ƙofar fada a Birni, inda na san a wannan lokaci kakaki da algaita sun cika gari, dogarai da jajayen rigunansu suna buɗe wa Sarki hanya.

Abin da ya ƙara mini wannan kewa shi ne wani biki da na gani kwanan nan a Di, wani ƙaramin gari da ke tafiyar sa'a ɗaya da ƴan mintuna daga nan a jirgin ƙasa. Kowace shekara a watan Yuni makiyayansu suna kora tumaki zuwa makiyayar da ke saman duwatsun Berkwar, domin idan zafi ya shigo ciyawar ƙasa tana bushewa, ta sama kuwa lokacin take ɗanya bayan ƙanƙara ta narke, kamar dai yadda makiyayanmu ke yin arewa da damina don su bar wa manoma gonakinsu. To, maimakon a wuce da garken ta bayan gari, sai a ratsa da shi tsakiyar titi. Baba, da kun ga yadda tumaki suka cika lungu daga bango zuwa bango, ƙararrawa a wuyansu tana kaɗawa, makiyaya a gaba da sandunansu, karnuka suna tsare gefe, yara a kan kafaɗun iyayensu, tsofaffi suna leƙowa ta taga. Babu doki, babu lifidi, babu bindiga, amma na ga irin hasken fuskar nan da nake gani a Zango da Birni ranar hawa. A ganina abin da ya fi kyau a bikin shi ne makiyayi, wanda sauran kwanaki ba a cika kula da shi ba, ranar nan shi ake tsayawa a tafa wa, kamar yadda ake yi wa mahauta ranar hawan ƙaho.

Washegari wani abokin aikina ya aro mini keken hawan dutse, mai kaurin taya da giya da yawa, muka nufi mashigar Ruse, wadda take ƙofar hawa waɗannan duwatsu daga wajen Di. Nisan bai fi kilomita 20 da kaɗan ba, kusan daga Damagaram zuwa Mirriya, sai dai garin Di yana wajen mita 400 sama da teku, bakin hanyar da aka huda cikin dutsen a can sama kuwa yana wajen mita 1,250. Har ƙauyen Shamalok abin da sauƙi. Daga nan hanya ta fara nannaɗewa a jikin dutse, kwana bayan kwana, har cinyoyina suka yi zafi, numfashina ya riƙa sarƙewa, na sauke giya zuwa ta ƙarshe, duk da haka keken yana tafiya kamar ana riƙe shi ta baya. Sau biyu na sauka na sha ruwa. A tsayawa ta biyu ne na ɗaga kai na ga manyan ungulaye suna shawagi. Sun taɓa ƙarewa a yankin, aka sake kawo su ana kiyaye su, abin da ya sa na tuna yadda namu suka yi ƙaranci a mahauta ba wanda ya damu.

Abin da ya kai ni sama, Baba, tunaninku ne. Na tuna baƙin kekenku marar giya da kuke ɗora wa buhun hatsi daga Kasuwar Dole, ni kuma a kan ƙarfen gaba, kuna tuƙawa cikin yashi da rana tsaka ba ku taɓa cewa in sauka ba. Da na iso sama na waiwaya na ga hanyar da na biyo a kwance ƙasa kamar igiyar guga, sai da hawaye suka zubo mini. Inna, kada hankalinki ya tashi, na sa hular kwano, kuma a gangara hannuna bai bar birki ba.

Saboda haka ina da roƙo. Cikin kuɗin da na aiko, a ware jika goma sha biyar a kai wannan keke wurin mai gyara, a sa masa sababbin tayoyi da sarƙa, a bai wa Auta ya riƙa zuwa makaranta da shi, kada a sayar. Shi kuma ya ɗauko mini hawan Sarki da hawan ƙaho a waya ya turo, ko da gajere ne, domin na yi wa abokin nawa alkawarin zan nuna masa namu.

A gaishe mini da Kaka, da Kawu da iyalinsa, da Gwaggo, da dukan maƙwabta. A ajiye mini rabona na soyayyen nama idan an samu mai tahowa.

Ɗanku mai neman albarkarku.