Amsa Ga Malamin Da Ya Tambayi Wanda Ya Biya Ni

Assalamu alaikum, Malam.

A shirin rediyo na ranar Juma'a ka ambaci sunana, ka tambayi wanda ya biya ni har na ce littattafan Yahudawa na dā suna ɗauke da tarihi, ka ƙara da cewa daga bakin Turawa na kwaso zancen. Tun ina ɗalibi nake ganin girmanka, shi ya sa maganar biya ta yi mini zafi. Na shekara 20 ina koyar da tarihi ba a taɓa kama ni da sayar da alƙalamina ba, kuma kana da lambata. Da neman sani kake yi, da ka kira ni kafin ka shiga gidan rediyo.

Ban taɓa cewa Attaurar da ke hannunsu yau ita ce aka saukar wa Annabi Musa (AS) harafi da harafi ba. Babin ƙarshe na Kubawar Shari'a, littafi na biyar na Attaura, yana ba da labarin rasuwarsa da binne shi, har malaman Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, suka kawo ra'ayin cewa Yusha'u ne ya rubuta ayoyi takwas na ƙarshe. Malamin Musulunci Ibn Hazm na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1064, ya tono irin waɗannan matsaloli kusan shekara 800 kafin Bajamushe Wellhausen ya fitar da nazarinsa a 1878. Wannan ya isa amsa kan batun Turawa.

Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce duka ƙirƙira ce. Sarkin Assuriya Sennakerib ya sa an rubuta a kan yumɓu cewa ya tsare Hezekiya, sarkin Yahuda, a Urushalima kamar tsuntsu a keji, a yaƙin shekara ta 701 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma littafin Sarakuna na biyu ya kawo wannan yaƙi, ko da yake kowane ɓangare ya ja ruwa zuwa gonarsa. A 1993 aka tono wani dutse a Tel Dan, a arewacin Isra'ila, mai ɗauke da kalmomin "gidan Dawuda". Naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka samu a kogon Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1947 ya girmi kwafin Leningrad na 1008, wani tsohon kwafin littattafan Yahudawa na Ibrananci, da fiye da shekara 1,000, amma mafi yawan bambancinsu na rubutun kalmomi ne. Na kuma faɗi kishiyar haka a zaman da na yi waccan magana, cewa littafin Irmiya na fassarar Girkanci ya fi na Ibrananci gajarta ƙwarai, kuma guntayen Kumran sun nuna duka biyun sun yi yawo a hannun mutane. Wannan rabin ne ka ɓoye wa masu sauraronka.

Ɓarnar ta riga ta iso ajina. Ranar Litinin wata ɗaliba ta ɗaga hannu za ta yi tambaya kan Kumran, ta waiwayi 'yan uwanta, ta sauke hannun. Ina roƙonka, Malam, ka janye zargin a shirin da ka yi shi, ko ka kawo sunan wanda ya biya ni.

Wassalam.