Mdou Moctar: daga situdiyon Sakkwato zuwa kamfanin Matador

Ya Edita,

Muna roƙon shafinku na nishaɗi ya waiwayi ƙungiyar Mdou Moctar ta Nijar, wadda a Amurka da Turai ake lissafa ta cikin masu kiɗan rok na ƙananan kamfanoni masu zaman kansu.

Su huɗu ne a kundinsu na 2024: Mdou, Buzu kuma bahago, a babbar jita, Ahmoudou Madassane a jitar rakiya, Souleymane Ibrahim a ganguna, sai Ba'amurke Mikey Coltun mai jitar bes, wanda kuma shi ke haɗa sautin.

Abin da ya shafe mu shi ne kundin Mdou na farko, Anar. A Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da gangar kwamfuta da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Bai shiga kasuwa yadda aka saba ba. Ta bulutut da memori ya yaɗu, daga waya zuwa waya. Nan gizo ke saƙa. Waƙar da aka tura haka sau da yawa sunan mai ita kan ɓace, ba a san wa za a gayyata wasa ba, balle a biya shi. Sai da kamfanin kiɗa na Sahel Sounds na Amurka ya bi sawu ya gano Mdou. Matasan mawaƙanmu su riƙa rubuta suna da shekara a cikin fayil ɗin kansa, su kuma ambaci sunansu a waƙar.

Daga baya kamfanin kiɗa na Matador ya fitar da kundin ƙungiyar mai suna Afrique Victime a 2021, sannan Funeral for Justice a 2024. A ganinmu na 2021 ya fi daɗin saurare.

Naku,
Masu bibiyar kiɗan jita, Maraɗi