Malam a taimaka min da shawara, wai kakanmu agola ne a gidan da muka tashi

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya jama'a, Allah ya saka da alheri kan wannan shiri naka da nake saurara tun ina budurwa a ɗakin mahaifiyata. Don girman Allah in za a karanta wasiƙar nan kar a faɗi sunana ko unguwar da nake aure, a ce wata baiwar Allah daga Kaduna kawai, duk da na san ɗan gidanmu in ya ji zai gane, to ya gane ɗin, ni dai na gaji.

Yau kwana tara ke nan rabona da barcin kirki. Wani yayanmu, ɗan Baffa, shi ya ɗauko aikin rubuta salsalar gidanmu wai don taron zumunci da ake yi duk bayan Sallah, ba wanda ya sa shi, shi ya naɗa kansa, dama shi ne admin na gurup ɗin dangi a WhatsApp. Ya zana abin kamar bishiya ya turo, kowane ɗa na Malam da reshensa da jikoki da tattaɓa kunne, sai reshen Kaka shi kaɗai aka ware shi can gefe da jan biro, a ƙasan sunansa an rubuta agola. Agola fa Malam. Mutumin da ya yi shekara sama da talatin yana jan sallah a masallacin ƙofar gidan nan, mutumin da duk kwanon rufin gidan da kuɗinsa aka saya. Mutum ɗari da wani abu ne a gurup ɗin har da surukai da yara ƙanana, kowa ya gani, kuma wallahi aka ɗauki kusan awa biyu ba wanda ya ce uffan.

Bari in koma baya don ka gane. Malam da nake faɗa shi ne kakan babana, mu ba ma kiran sunansa. Daga Zariya ya zo Kaduna lokacin garin bai wuce barikin soja da ma'aikatan reluwe ba, ka san Turawa sai 1917 suka dawo da hedikwata nan daga Zungeru, to a shekarun bayan nan ne ya zo ya kafa makarantar allo a Tudun Wada, lebirori na kawo masa ƴaƴansu. Matansa uku. Uwargida ita ce ta haifi kakan su wannan yayan namu, ta biyu ita ta haifi Kaka, wato mahaifin babana, ta uku kuma ta haifi Gwaggo, auta, wadda ita kaɗai ta rage a raye, tana Rigasa wajen ɗanta, ta kai casa'in ko ta kusa. Kowa ya san mahaifiyar Kaka bazawara ce lokacin da Malam ya aure ta, wannan ba sirri ba ne, kuma auren bazawara ai ba laifi ba ne, Annabi (SAW) ma ya yi. Amma ban taɓa jin ko da wasa an ce ta zo da ɗa ba, ko a faɗan kishiyoyi da ake tone-tone ban taɓa ji ba.

Shi wannan yayan namu tun muna yara haka yake, son girma da son a ce shi ne, in an yanka rago a gidan shi zai tsaya kan rabo. Kuɗin asusun zumunci da muke zubawa duk wata shekara uku ke nan ba wanda ya ga lissafinsa, da ƙanena ya yi magana sai aka ce ba shi da kunya. Kuma ba tun yau yake kai-kawo da wani dillali ba, ana so a rushe gidan a yi shaguna, gidan kuwa tun rasuwar Malam ba a raba shi ba, kowa dai ya zauna inda ubansa ya zauna. To in an ce Kaka agola ne ai ka ga agola ba ya gado, an cire kaso guda ke nan cur. Ni na san nan aka dosa, ko ya rantse da Alƙur'ani ba zan yarda don tarihi yake yi ba.

Yanzu takardun. Guda uku ne kuma kowacce da abin da take faɗa.

Akwai kundin Malam, yana cikin gafaka a hannun Baffa. A bangon ƙarshe Malam ya rubuta haihuwar ƴaƴansa da hannunsa, da ajami, kowane da ranarsa da watan Musulunci, layi bayan layi har goma sha ɗaya. Na je da kaina na ce sai na gani, Baffa ya ɗauko yana ta ɓata rai. Takardar ta yi ja ta bushe kamar ganyen da aka shanya, in ka taɓa gefen sai ya marmashe. Sunan Kaka yana nan, amma ba a cikin jerin ba, a gefe yake a kwance, tawadar ma ta fi sauran baƙi kamar daga baya aka ƙara, kuma daidai kalmar da ke bin sunan gara ta ci wajen, rami ne ɗan ƙarami da bai kai ƙwayar wake ba. Yaya ya ce abin da ke wurin shi ne rabibi, wai da Larabci ɗan matarka da ka riƙa ke nan. Na ce a ina ka ga haka a cikin rami? Harafi ɗaya ne ya rage, shi ma wani malami da na nuna wa hoton ya ce zai iya zama farkon sunan wata, Rabi'ul Awwal ko Rajab ko Ramadan. To don me shi zai zaɓi wadda ta fi muni?

Sai fasfon Makka na Kaka, da kuɗin Udoji ya sauke farali a 1975, a ciki sunan Malam ne a matsayin uba ɓaro-ɓaro, haka a takardar makarantar babana, haka mu ma muke amsa shi har a katin ɗan ƙasa. Yaya ya ce wai fasfo ai abin da ka faɗa ake rubutawa. To ita ɗayar takardar da yake tutiya da ita ba abin da aka faɗa aka rubuta ba?

Ita ce ta ukun, takardar ɗaukar aiki ta reluwe tun kafin samun ƴancin kai a 1960, mai ɗan hoton Kaka yana saurayi da hula a karkace. A gurbin sunan uba wani suna ne daban, ba na Malam ba, a gurbin gari kuma ba Zariya ba ba Kaduna ba, wani ƙauye ne da ban taɓa ji ba. Kuma Malam gaskiya ɗaya ce, ni ce na tura takardar nan gurup. Watanni biyu da suka wuce ina gyara wa Baba ɗaki na same ta a cikin adakar Kaka ƙarƙashin tsofaffin rasit na haraji, hoton ne ya burge ni, na ɗauka na tura na rubuta Allah ya jiƙan maza, ban ko karanta rubutun ba, wa zai tsaya karanta rubutun akawu? Yaya ne ya buɗa hoton ya tsaya ƙwaƙwa. Mijina yana ta cewa ni na jawo, amma tsakani da Allah wanda ya tura hoton kakansa don ƙauna da wanda ya mai da shi makami wane ne mai laifi?

Kuma ai kowa ya san yadda ake rubuta suna a zamanin. Yaro ya je gaban akawu a tambaye shi sunan uba, kunya ta hana shi faɗa, sai a rubuta na wanda ya kawo shi ko na garinsu, ba haka aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa ba? Mai yiwuwa wani kawunsa ne ko helma da ya tsaya masa ya samu aikin. Haka na faɗa a gurup ɗin, a saƙon murya, kuma eh na ɗaga murya, na faɗi maganganu, na ambaci kuɗin asusu, na kuma ce wani abu game da mahaifiyarsa da bai kamata ba, wannan na yi istigfari a kansa. Amma ni aka fara taɓawa. Ya cire ni daga gurup, ya cire ƙannena biyu, yanzu saƙon nawa ne ake yawo da shi ana cewa ga tarbiyyar gidan agola.

Wani abokin aikin mijina ya ce in gwada ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke titin Yakubu Gowon ko Gidan Arewa da ke titin Rabah. Na je ɗaya daga ciki, sun karɓe ni hannu bibbiyu, amma suka fahimtar da ni abin da ke wurinsu yawanci rahotannin Razdan da Di'o ne, da lissafin haraji da jangali da tarihin sarakuna da hakimai, ba a yi wa ƴaƴan talakawa rajistar haihuwa a lokacin ba balle a samu. Na dawo hannu rabbana.

Sai na tafi Rigasa wajen Gwaggo. Ranar farko ta ce ƙarya ne, Yaya, haka take kiran Kaka, a gidan aka haife shi, a bayan ɗakin uwarsa aka binne cibiyarsa, Malam ne ya yi masa huɗuba. Na ji sanyi har na yi kuka. Amma ita an haife ta bayansa da shekaru, ita ma ji ta yi. Da na koma bayan kwana biyu don in ɗauki muryarta a waya sai ta ce wai ta ji uwargida na cewa amarya ta tare da wata bakwai ta haihu, har aka yi ta ƙananan maganganu Malam ya tsawatar. Malamin Islamiyyarmu ya ce in haka ne ai magana ta ƙare, ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma mafi ƙarancin ciki a shari'a wata shida ne, ya ce sukar nasaba ma tana cikin ayyukan jahiliyya da hadisi ya ambata. To amma shi ma Yaya ya samo nasa malamin, suna kafa hujja da ayar Suratul Ahzab da ta ce a kira su da sunan ubanninsu, da ƙissar Zaidu ɗan Harisa, wai mu ne muke cikin zunubi da muke jingina kanmu ga wanda ba ubanmu ba.

Abin da ban faɗa wa kowa ba, ko mijina, shi ne da na karanta wa Gwaggo sunan nan na takardar reluwe, tana tauna goro ta tsaya cak, ta daɗe tana kallona sannan ta ce ke wa ya faɗa miki sunan nan? Na ce a takarda na gani. Ta jawo mayafi ta rufe ƙafafunta ta ce barci take ji. Har na fito ba ta ƙara ce min komai ba.

Na manta ban faɗa ba, Kaka yana da tsage a kumatu, sauran ƴaƴan Malam ba mai shi. Mu an ce mana uwarsa wabi take yi a gidanta na fari shi ya sa aka yi masa don ya tsaya, kuma ana yin haka, na ga masu shi da yawa. Ban taɓa kawo komai a raina ba sai yanzu.

Ƙanena ya dage a yi gwajin DNA, ya ce akwai wanda ake yi tsakanin maza zalla da ke bin layin uba, nawa ba zai yi ba tunda ni mace ce, sai dai a ɗauki na Baba da na Baffa a gwada. Baffa ba zai taɓa yarda ba, kuma ta ina ma za a fara da Baba? Baba fa bai san komai ba har yanzu. Tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki bara muka karɓe wayarsa, likita ya ce kar a tayar masa da hankali. Jiya ina ba shi kunu yake tambayata wai me ya sa Baffa bai leƙo shi ba sati biyu, ko lafiya. Na ce mura yake yi. Mutumin da ya yi shekara ashirin da wani abu a masaƙa a Kakuri yana ɗauke da rabin yaran gidan nan har shi Yayan, kuɗin makarantarsa na sakandare Baba ne ya biya.

Ga ƙanwata an sa ranarta bayan Babbar Sallah, dangin mijin mutanen cikin birnin Zariya ne masu bin asali kamar me, kuma akwai matar wani ɗan uwanmu a gurup ɗin da take da alaƙa da su. Baffa ne aka tsara zai ba da aurenta. Ni ma shi ya ba da nawa shekara goma sha huɗu da suka wuce, ƴaƴana huɗu yanzu. Malam wannan shi ne yake hana ni barci, in ta tabbata ba jini ɗaya muke da Baffa ba, to waliccin da ya yi min fa? Baba yana wurin a zaune, shi ya ce Baffa ya bayar, amma ban san ko hakan ya wadatar ba kuma kunya ba za ta bar ni in tambayi malamin unguwa ba. Sannan hayar shago ɗaya na ƙofar gidan da ake ba Baba duk shekara a matsayin rabon Kaka, da ita muke sayen maganinsa, ita kuma mene ne hukuncinta?

Mijina ya ce in je in ba Baffa haƙuri a rufe maganar, ƙanena ya ce mu riga su zuwa kotun shari'a kafin su sayar da gidan. Ni ba zan ba Yaya haƙuri ba sai ya goge jan biron nan a gaban kowa kamar yadda ya rubuta a gaban kowa. Don Allah Malam a cikin takardun nan uku wacce alƙali zai kama? Kuma in koma in matsa wa Gwaggo ta faɗa min ko wane ne mai sunan nan tun tana raye, ko in bar tsohuwa ta huta? Baba kuma in ya sake tambayata Baffa me zan ce masa, don ranar Juma'a mai zuwa za su zauna da dillalin kuma dole sai an nemi sa hannunsa ko a ce ba a buƙata.

Taka mai saurare kullum, daga Kaduna.