Allurar mura a wurin aiki: kada a bar masu shara da masu gadi a baya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wata cuta da mu Hausawa muka raina, har idan mutum ya kwanta da ita sai a ce masa ai mura ce kawai, ya sha citta da kanumfari ya tashi.

Shekara tara ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a a arewacin Ingila. Duk watan Oktoba, da zarar ɗalibai sun dawo kuma sanyi ya fara leƙowa, sai a aiko mana da saƙo cewa nas-nas za su zo cikin jami'a su yi wa ma'aikata allurar rigakafin mura kyauta. Ka zaɓi lokacin da ya yi maka, ka je ɗakin taro, a yi maka 'yan tambayoyi, ka naɗe hannun riga, cikin minti goma ka koma bakin aikinka. Babu neman izinin fita, babu layin asibiti, babu kuɗin mota.

Shekaruna uku na farko ban taɓa zuwa ba. A shekara ta huɗu, cikin watan Janairu, abin ya kama ni. Da safe lafiyata ƙalau, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ni, gaɓoɓina kamar an daka su a turmi, ga tari busasshe, ga ciwon kai. Na ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, alhali rabona da gida shekara biyu. Kwana goma na yi a kwance. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da har yau yake sosa mini rai shi ne ni na kai wa 'yata, wadda take fama da asma, sai da ta kwana uku a asibiti ana ba ta iska. Tun daga shekarar ban sake fashin allurar ba.

Matsalarmu ta fara ne daga suna. Kalma ɗaya muke da ita, mura, ga abubuwa biyu daban. Akwai murar majina da atishawa wadda take wucewa cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma wadda likitoci ke kira infuluwenza, ita ce mai kayar da ƙato, kuma takan sauka a huhu ta zama nimoniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara mutum miliyan 3 zuwa miliyan 5 ne take yi wa mugun kamu, kuma tana kashe tsakanin mutum 290,000 zuwa 650,000. Kakanninmu sun san ta sarai. Ita ce annobar 1918 da suka raɗa wa suna marisuwa, wadda ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na shekarar, ta bi layin dogo har ta iso Arewa, aka kuma ƙiyasta ta ɗauke rayuka wajen 500,000 a Najeriya.

'Yan uwa da dama a masallacinmu sukan tambaye ni me ya sa ake maimaita allurar duk shekara, ko dai ba ta da inganci ne. Ƙwayar cutar ce take sauya kama. Shi ya sa tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya take da ɗakunan gwaji a ƙasashe da yawa masu bibiyar irin da ke yawo, sai a zauna a watan Fabrairu a tsayar da nau'o'in da za a haɗa wa ƙasashen arewacin duniya, a watan Satumba kuma na kudanci. Ba na ɓoye musu cewa kariyar ba ɗari bisa ɗari ba ce. A shekarar da haɗin ya dace da irin da ke yawo, tana rage haɗarin kamuwa da kamar kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, kuma wanda ya kamu bayan ya yi ta, galibi abin yakan zo masa da sauƙi. Jiki yana bukatar kamar mako biyu kafin kariyar ta kankama, saboda haka wanda ya kwanta kwana uku bayan allura, ko dai da ma can ya riga ya ɗauko, ko kuma ya ɗauka kafin kariyar ta kama jikinsa. Allurar da ake yi wa manya a dantse ba ta da ƙwayar cuta mai rai, iyakarta hannu ya yi tsami, ko ɗan zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu. Masu tambayar sinadarin alade kuma suna da hujjar tambaya: rigakafin da ake fesa wa yara a hanci a nan Ingila yana ɗauke da shi, amma allurar dantse ba ta da shi, kuma iyaye suna iya neman a yi wa 'ya'yansu ita a madadinsa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata baiwar Allah da ke share benenmu, 'yar zangon Kumasi ce, Hausarta tangaran. Tana shigowa tun kafin asuba, ni kuma nakan yi sammako, sai mu gaisa. Bara ta ga ina murza dantsena, ta ce, "Ɗana, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Inna, allurar mura aka yi mana jiya. Ke yaushe za ki je?" Ta dakata da tsintsiyarta ta ce, "Mu ai ba a kiran mu."

Da na bincika sai na tarar gaskiyarta. Ita da abokan aikinta, da yawancin masu gadi da masu dafa abinci, ba jami'a ce ta ɗauke su kai tsaye ba, ma'aikatan 'yan kwangila ne. Ba su da adireshin imel na jami'a, don haka saƙon ba ya isa gare su, ko da ya isa ma sunansu ba ya cikin takardar. Hukumar lafiyar ƙasar tana yi wa 'yan shekara 65 zuwa sama kyauta, da masu juna biyu, da masu cututtuka irin su suga da ciwon zuciya. Inna ba ta kai 65 ba, saboda haka sai dai ta biya a kemis, kuɗin kuwa ya fi ladan aikinta na awa guda.

Malam Edita, ka duba wannan lamari. Wa ke kwashe tsummokin majinar da ɗalibai suka zubar? Wa ke goge hannun ƙofa da teburan da ɗaruruwan mutane suka yi wa tari? Malami idan ya ji jikinsa ba daɗi yana iya koyarwa daga gida ta intanet, albashinsa cikakke. Ita kuwa ranar da ba ta zo ba, aljihunta ne zai ji, don haka ko da zazzaɓi za ta lallaɓo. Ga shi mai wannan cuta yana iya yaɗa ta tun kwana guda kafin alama ta bayyana a jikinsa. Wadda ta fi kowa kusa da cutar, kuma ta fi kowa rashin halin jinya, ita aka tsallake. Ko ta fuskar lissafin kuɗi aka duba, jami'ar ta yi tuya ta manta da albasa, domin ƙwayar cuta ba ta tambayar wa ya sa hannu a takardar ɗaukar aikinka.

Na san wani a gida zai ce wannan matsalar masu ƙoshi ce, mu da muke fama da maleriya da sanƙarau da kwalara. Ban musa ba, kuma allurar mura ba ta ma cikin jerin rigakafin da gwamnatin Najeriya ke bayarwa a kai a kai, duk da cewa akwai cibiyoyin sa ido kan cutar, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Alhazanmu ma hukumomin Saudiyya suna shawartar su da su yi ta kafin tafiya. Abin da nake so jami'o'inmu su ɗauka shi ne tsarin: a kai allura inda ma'aikaci yake, a lokacin aiki. A fara da abin da ya fi damun mu. Ciwon hanta nau'in B ya yi katutu a ƙasarmu, rigakafinsa allura uku ne cikin wata shida, kuma na san masu wanke kwalaben gwaji da masu kwashe sharar asibitocin koyarwa da suke taɓa jini da tsinin allura kullum ba tare da an taɓa yi musu ko ɗaya ba. Kowace jami'a tana da asibitinta da nas-nas ɗinta. A ware kwana biyu a zangon karatu, a sanar da baki da Hausa ta hannun shugabannin leburori, a fara da masinja da mai gadi kafin a zo kan farfesa. Mutanen da suke tuna gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 suna da dalilin ɗari-ɗari, shi ya sa ya kamata shugaban jami'a ya fara miƙa nasa hannun a gaban kowa, a kuma amsa duk tambayar da aka yi ba tare da tsawa ba.

A nan Ingila kuwa, mu shida ne muka rubuta wa ƙungiyar ma'aikata muna neman a saka ma'aikatan kwangila cikin shirin bana, a manna sanarwa a ɗakin da suke ajiye kayan aiki, a kuma buɗe awa ɗaya da sassafe kafin su tashi. Muna jiran amsa. Ina kira ga 'yan uwa masu aiki a jami'o'in Ingila da Amurka da Kanada, kowa ya je ya yi tasa, sannan ya tambayi mai share ofishinsa ko an kira shi. Idan amsar tamu ba ta zo ba kafin ƙarshen Oktoba, na riga na gaya wa Inna ni zan raka ta kemis ranar Asabar.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga arewacin Ingila.