Baƙonku bai taɓa zama a ƙofar gidanmu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan sashen Hausa, na rubuto ne a kan shirinku na daren Lahadi, domin maganar baƙonku ta tsaya mini a rai, kuma har yau ban huce ba. Ya ce wai wayar hannu ta riga ta raba tsoho da yaro, babu sauran abin da zai haɗa su a kan tabarma ɗaya, mai gabatarwa kuwa ya ƙyale shi ya yi ta nanata wannan magana ba tare da ya tambaye shi a wace unguwa ya ga haka ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, a daidai lokacin da yake faɗin haka mu 11 ne muke kewaye da akwatin rediyon, tun daga mahaifiyata wadda ta haura shekara 85 har zuwa jikana da bai daɗe da shiga makarantar allo ba.

Duk wanda ya san Garwa, a arewacin Kamaru, ya san cewa daga watan Maris zuwa Afrilu zafi ba ya barin kowa a ɗaki. Ana idar da sallar Isha'i sai a fito da tabarmi, maza a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, mata a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa, yara kuma suna kai da kawo tsakani. Dattawanmu suna buga dara, kuma samarin da baƙonku ya ce sun guje mu su ne suke dafa mana shayi, suna tsaye a kanmu suna gardamar wanda zai ci wasa. A ciki Inna takan kira tattaɓa-kunnenta da maigidana, ta ce ya bar ta babu kuɗin cefane, shi kuma ya ce ya sake ta tun da ba ta da haƙoran cin goro, gida ya kaure da dariya. Idan ta ce ga ta nan ga ta nanku, har 'yata mai karatu a jami'ar Ngaundere takan ajiye abin da take yi ta amsa da ta zo mu ji ta. Daga bakin Inna yaran nan suka ji cewa akwai zamanin da jiragen ruwa suke hawowa kogin Binuwai da damina har tashar Garwa su ɗauki auduga da gyaɗa, kuma da farko ba su yarda ba, sai da na kai su bakin kogin na nuna musu wurin.

Ko ƙwallon ƙafa kaɗai ya isa ya ƙaryata baƙonku. A ranar 11 ga Janairun 2022, da Najeriya ta ci Masar 1 da nema a filin wasa na Rumde Ajiya, ni da ɗana da babban jikana muka shiga tare, yaron yana riƙe da hannuna kada cunkoso ya ture ni. Da muka dawo gida muka raba dare ana musu, ni ina ba su labarin yadda Kamaru ta doke Ajantina a 1990 da irin rawar da Roger Milla yake takawa idan ya ci, su kuma suna cewa babu kamar Vincent Aboubakar, wanda ya taso a Coton Sport ta garin nan, ya kuma ci ƙwallon da ta ba mu kofin Afirka a 2017. Ban yarda da su ba, su ma ba su yarda da ni ba, amma ban san wani dare da na kwana da farin ciki kamar wannan ba.

Ita wayar da ya ɗora wa laifi, a gidanmu aikin zumunci take yi. Inna ba ta karatun boko, idanunta ma sun yi rauni, saboda haka kowace Juma'a jikanyarta takan zauna kusa da ita ta kunna mata saƙon murya na ƙanwarta da ke aure a Njamaina ta WhatsApp, sannan ta riƙe mata wayar ta mayar da amsa. Kafin wannan sai su shekara ba su ji muryar juna ba. Ban ce babu yaran da suka shagala ba, akwai su, amma ɗaukar halin wasu a shafa wa kowa zalunci ne ga samarin da suke rakiyar kakanninsu masallaci da asuba, kuma sanyaya gwiwa ne ga tsofaffin da suka saurare ku, waɗanda aka faɗa musu a fili cewa babu mai bukatarsu. Bayan shirin jikana ya tambaye ni ko gaskiya ne zamansu da mu ya zama tsohon yayi, kuma wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Sannan ina roƙonku ku ja kunnen masu gabatarwa a kan yawan cusa Faransanci cikin Hausa, domin rabin abin da aka faɗa a daren sai da muka yi wa Inna fassara.

Ina neman ku sake shirin, ku gayyato kaka da jikanta su zauna a gaban makirfo tare. Idan kuma baƙon naku yana Garwa, ya zo unguwar Yalwa bayan sallar Isha'i ya tambayi gidan da ake buga dara a gindin dalbejiya, za mu shimfiɗa masa tabarma.

Wassalam.

Naku mai saurare,
wani magidanci daga unguwar Yalwa, Garwa.